Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Editan Da Ya Buɗe Wa Talaka Ƙofar Kai Kuka

Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun boko a ƙasar Hausa, ko a Daura ne ko a Katsina ko a wani gari dabam, da wuya a ce bai taɓa riƙe Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja a hannunsa ba. Saboda haka idan aka ambaci sunan Alhaji Abubakar Imam, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne akun nan mai ba da labari, ko kuwa wasan wayon da aka sha yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Amma akwai wani ɓangare na rayuwar wannan bawan Allah wanda ɗaliban adabi ba su cika tsayawa a kansa ba, watau shekarun da ya yi yana editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A wannan kujera ce ya yi aikin da ya fi shafar yadda ake mulkin jama'a, domin ta hannunsa ne mutumin Arewa ya fara ganin kukansa a rubuce cikin harshensa, a takardar da sarki da Razdan su ma suke karantawa. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa, ta fi mai da hankali ga aikinsa na jarida, da abin da aikin ya tsinana wajen shimfiɗa mulkin da ake jin ta bakin jama'a, da kuma inda aikin ya gaza kaiwa.

Asalinsa Da Neman Ilminsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja a yau. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, kuma asalin kakanninsa daga ƙasar Barno suka fito. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, don haka yaron ya buɗe ido ya ga allo da tawada da littattafan fiƙihu tun kafin ya san wani abu wai shi boko. Wannan tushe na ilmin addini bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, ana kuwa ganin alamarsa a irin kalmomin da yake zaɓa da yadda yake kafa hujja.

Wansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya rubuta littafin Ganɗoki kuma ya zama Walin Katsina, yana cikin malaman farko da suka koyar a makarantun boko na Arewa. Ta dalilinsa ne Abubakar ya koma Katsina ya shiga makaranta. A shekarar 1927 ya sami shiga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malaman makaranta, ya kuma gama a 1932. A wannan kwaleji ya zauna tare da samarin da suka zo suka riƙe ragamar ƙasa daga baya, irin su Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Sanin da ya yi wa waɗannan mutane tun suna ɗalibai ya taimake shi ƙwarai a lokacin da shi yake riƙe da alƙalami su kuwa suna riƙe da mulki.

Da ya gama karatu sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, inda ya fi koyar da Ingilishi. A shekarar 1934 aka kafa Lardin Katsina, aka haɗa masarautar Katsina da ta Daura a ƙarƙashin Razdan guda. Ke nan makarantar da Malam Abubakar yake koyarwa ita ce ta zama matattarar yaran lardin duka, har da 'ya'yan Daura da suka gama elementare suka cancanci ci gaba.

Daga Aji Zuwa Ɗakin Talifi

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Malam Abubakar, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja, littafin ya shiga cikin biyar ɗin da aka zaɓa aka buga. Sauran su ne Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da Dokta East. Daga nan East ya gane cewa ya sami mutumin da Hausa take gudana a bakin alƙalaminsa ba tare da gargada ba. A 1936 ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina na 'yan watanni, a wannan zama ne na Zariya aka rubuta Magana Jari Ce, littafi uku.

Wannan horo yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. A wajen East ya koyi ƙa'idojin rubutu da gyaran kuskure da tsara shafi, ya kuma koyi yadda ake ɗauko baƙon abu a sa masa rigar Hausa har mai karatu ya ɗauka a gidansu aka haife shi. Wanda ya iya yin haka ga tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turawa, zai iya yin haka ga labarin majalisa da kasafin kuɗi da tsarin mulki, abubuwan da a lokacin ko sunansu babu a Hausa.

Halin Da Talaka Yake Ciki Kafin Jarida

Ba za a gane girman aikin Imam ba sai an dubi yadda ake mulkin Arewa a wancan zamani. Turawa sun bar sarakuna a kan gadajensu, suka mai da kowace masarauta En'e, mai baitulmalinta da kotunanta da 'yan dokarta da gidan yarinta. A doka, sarki shi kaɗai ne En'e, majalisarsa shawara kurum take ba shi, a bayansa kuwa akwai Di'o da Razdan waɗanda shawararsu ta fi umurni ƙarfi. Daga sarki sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa, kuma ta wannan tsani ne ake tara haraji da jangali. A Daura, misali, Sarki Abdurrahman ya hau gadon sarauta a 1911, shekarar da aka haifi Imam, ya kuma yi mulki har 1966, watau kusan duk zamanin Turawa a hannun sarki guda aka yi shi.

Babbar matsalar wannan tsari ita ce umurni yana saukowa daga sama cikin sauƙi, amma kuka ba ya samun hanyar hawa. Manomin da ke ƙasar Zango ko Ɓaure ko Sandamu, in ya ga an ɗora masa harajin da ya fi ƙarfinsa, ko an ƙwace masa gona, wurin da zai kai ƙara shi ne wurin dagacin da ya yi masa lissafin, ko hakimin da dagacin yake ƙarƙashinsa. In ma ya yi ƙarfin hali ya tari Di'o a kan rangadi, to, ta bakin tafinta zai yi magana, kuma bayan Bature ya nannaɗe tantinsa ya tafi, shi ne zai ci gaba da zama da waɗanda ya kai ƙara. Babu zaɓe, babu majalisar da jama'a suka tura wakili, babu kuma wata takarda da ake bugawa da za ta ɗauki maganarsa. Har ila yau, Arewa ba ta da wakilai a Majalisar Dokoki da ke Ikko sai a 1947.

A Kudu kuwa al'amarin ya daɗe da sakewa. Tun 1859 aka fara buga jaridar Iwe Irohin da Yarabanci a Abekuta, a 1937 kuma Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Ikko, wadda take sukar mulkin mallaka ba sani ba sabo. Abin da Arewa take da shi a shekarun 1930 shi ne Jaridar Nijeriya Ta Arewa, wadda gwamnati take fitarwa jefi-jefi da Hausa da Larabci da Ingilishi, galibinta sanarwa ce da labarin manya.

Kafuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo

Yayin da gajimaren Yaƙin Duniya Na Biyu ya fara haɗuwa, jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Gwamnati ta ga ba ta da wata hanya ta isar da magana ga jama'ar Arewa kai tsaye, ga shi kuma jaridun Ikko sun fara shigowa ta jirgin ƙasa suna faɗawa hannun ma'aikata. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 daga Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga aji aka ba shi edita, Dokta East yana sa ido a kan aikin. Da farko wata-wata take fitowa, daga baya aka riƙa matso da lokacin har ta koma ta mako-mako. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, a 1948 kuma kamfanin ya fara fitar da Nigerian Citizen da Ingilishi.

Ya kamata a faɗi gaskiya tun daga nan cewa jaridar ta gwamnati ce, da kuɗinta aka kafa ta, kuma bukatarta aka yi niyyar ta biya. A shekarun yaƙi babban aikinta shi ne bayyana wa mutane yadda faɗan yake gudana, da ƙarfafa musu gwiwa su goyi bayan Ingila. Abin lura shi ne yadda editan ya karɓi kayan da aka ƙera don saukar da magana daga sama, ya mai da shi hanyar da magana take hawa daga ƙasa.

Aikinsa Na Edita

Abu na farko da ya yi shi ne gyara harshen. Ya guje wa Hausar fassara mai nauyi wadda ta cika takardun ofis, ya rubuta jarida da Hausar zaure, mai karin magana da barkwanci da misalai daga gona da kasuwa. Wannan ya dace da yadda ake karanta jarida a lokacin, domin masu iya boko kaɗan ne. Malamin makaranta ko malamin haraji ko ma'aikacin asibiti shi zai sayi kofi ɗaya, da yamma a taru a ƙofar gida ko a gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, sauran jama'a suna saurare suna tofa albarkacin bakinsu. Ta haka kofi guda yakan isa kunnuwa masu yawa, muhawara kuma takan ɓarke a inda da can sai dai a yi gunaguni a ɗaka. Bugu da ƙari, jaridar ta taimaka wajen zaunar da ƙa'idojin rubutun Hausa, har da haruffa masu lanƙwasa, ta kuma saba wa mutane da kalmomin mulkin zamani.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne filin wasiƙun masu karatu. Mutane daga larduna dabam-dabam suka shiga aiko da takardu, wani yana tambaya, wani yana ba da shawara, wani yana kuka da halin da garinsu yake ciki. Edita yakan buga, yakan kuma yi sharhi. Maganar cin hanci, da ƙarancin makarantu, da ilmin 'ya'ya mata, da yadda Arewa ta koma baya ga Kudu wajen ma'aikata, duk sun sami fili. Wanda ya san halin wancan zamani ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikacin En'e da ya saba yin abin da ya ga dama a ƙauye ya fara tunanin cewa mai yiwuwa ne labarinsa ya fito a takardar da za a karanta a fada da ofishin Razdan, abin da aka buga kuwa ba ya gogewa kamar maganar baka.

Amma fa kujerar tana da ƙaya. Imam yana tsakanin wuta uku ne. Turawa su ke biyansa albashi, ba su kuma son a taɓa tsarin mulkinsu. Sarakuna suna ganin duk wani suka ga En'e rashin kunya ce ta 'yan boko. Samari masu zafin jini kuwa suna ganin jaridar ta cika lallaɓawa, shi ya sa irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa aika wasu rubuce-rubucensu masu zafi ga jaridun Kudu. Hanyar da Imam ya bi ita ce ta nasiha. Yakan soki ɗabi'a ya bar sunan mai ita, yakan kafa hujja da addini da al'ada yadda mai sarauta ba zai iya cewa baƙon ra'ayi aka kawo masa ba, yakan kuma nuna wa masu mulki cewa gyara shi ne zai tsare musu martabarsu. Masu sukarsa suna cewa wannan hanya ta bar ɓarna da yawa a rufe, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Masu kare shi kuwa suna cewa da ya ɗaga murya fiye da haka da an sauke shi, ƙofar da ya buɗe ta koma ta rufe.

Tafiyar Ingila Ta 1943

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editoci 8 daga ƙasashen Afirka Ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su ziyarci Landan. Imam ne kaɗai ya fito daga Arewacin Nijeriya, Dokta Azikiwe kuma yana cikin tawagar. A can Azikiwe ya tsara wata takarda wadda ta dogara da alkawarin da shugabannin Ingila da Amurka suka yi a 1941 cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da take so. Takardar ta nemi a ba ƙasashen Afirka Ta Yamma mulkin kai cikin shekara 15. Imam ya ƙi sa hannu. A ganinsa Arewa ba ta da isassun masu ilmin zamani da za su riƙe ofisoshi, don haka mulkin kai na gaggawa zai zama an sauya mata ubangida ne kurum. Wannan mataki ya jawo masa suka mai yawa daga jaridun Kudu, har yau kuma masana tarihi suna saɓani a kansa.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa ƙin sa hannun yana nufin ya gamsu da halin da ake ciki. A wannan tafiya ce ya gana da Gwamna Lugga, mutumin da ya ci Arewa da yaƙi ya kuma shimfiɗa mulkin En'e, wanda a lokacin ya tsufa yana zaune a gidansa a Ingila. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, yana da hannu wajen haɗa su. Imam ya bayyana wa Lugga, da baki da kuma a rubuce, irin ɓarakar da ta shiga ginin da ya bari. Ya nuna cewa ikon ya taru a hannun mutum guda ba tare da mai taka masa burki ba, talaka ba shi da amintacciyar hanyar kai kuka, kuma samarin da aka ilmantar ba a jin shawararsu, Turawa suna zarginsu, sarakuna suna ƙyamarsu. Wanda ya shekara huɗu yana buɗe wasiƙun jama'a daga kowane lardi ya fi kowane Razdan sanin inda takalmin yake matsi. Lugga ya isar da maganar ga Sir Arthur Richards, wanda aka naɗa Gwamnan Nijeriya a ƙarshen 1943, shi kuma ya gana da Imam ya saurare shi.

Ba za a ce wasiƙun Imam ne suka haifi tsarin mulkin Richards ba, domin abubuwa da yawa ne suka taru. Amma tsarin da ya fara aiki a 1947 ya kafa Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Kaduna, ya kuma kai 'yan Arewa Majalisar Dokoki ta ƙasa. Labarin tafiyar kuwa ya rubuta shi a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda ya bayyana wa mai karatun Hausa yadda rayuwa take a Ingila.

Daga Jarida Zuwa Siyasa

Muhawarar da aka saba yi a shafin jarida ita ce ta zo ta zama ƙungiya. A shekarun 1940 ƙungiyoyin tattaunawa na 'yan boko suka tsiro a Zariya da Bauci da Kano da sauran birane. A 1948 wasu daga cikinsu suka fara haɗuwa, a 1949 aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko, Imam kuwa yana cikin jigoginta na farko. A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka girgiza Arewa. A Kano aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ta fito fili tana neman 'yantar da talakawa daga zaluncin En'e. A Kaduna kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Abin da Ɓalewa ya faɗa a zauren majalisa bai yi nisa da abin da Imam ya kai wa Lugga shekara 7 kafin nan ba. Cikin 'yan shekaru aka soke tsarin nan na sarki shi kaɗai, aka koma sarki tare da majalisarsa, dokar En'e ta 1954 kuma ta tabbatar da haka.

A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa, watau NPC, aka kuma yi zaɓen farko a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson. Imam ya sami kujera a majalisar Kaduna da ta Ikko. A wannan lokaci ne ya bar kujerar edita, bayan kimanin shekara 12 a kanta. Siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ita kuwa jaridar, da mulki ya koma hannun 'yan ƙasa, sai 'yan hamayya suka riƙa kallonta a matsayin kakakin jam'iyya mai mulki. Wannan ya nuna raunin da ke tattare da jaridar da hukuma ta mallaka, domin 'yancinta yakan rataya ne ga halin editanta da haƙurin mai gidanta.

Sauran Ayyukansa Da Rasuwarsa

Bayan ya bar edita ya ci gaba da aikin littattafai a Zariya, har zuwa zamanin hukumar NORLA, wadda ta samar da abin karantawa ga ɗaliban Yaƙi Da Jahilci. A ƙarƙashin wannan hukuma ne larduna suka sami ƙananan jaridunsu, irin su Himma ta Lardin Katsina, da Sodangi ta Kano, da Zaruma ta Sakkwato. A tsakiyar shekarun 1950 aka naɗa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya ya zama shugabanta, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike ofisoshi da 'yan Arewa. Ya kuma rubuta littattafan addini, ciki har da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

A shekarun 1970 aka ba shi aikin da ya fi kowane dacewa da tarihinsa, watau Kwamishinan Sauraron Koke-koken Jama'a a Jihar Tsakiyar Arewa, wadda ta ƙunshi lardunan Zariya da Katsina, aka kuma sake mata suna Jihar Kaduna a 1976. Mutumin da ya fara karɓar kukan jama'a a matsayin edita ya ƙare yana karɓarsa da ikon doka, mutanen Daura kuwa suna cikin waɗanda ofishinsa ya shafa, tun da sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

Kammalawa

Tambayar da Imam ya yi fama da ita, watau ko jarida za ta iya faɗa wa mai mulki gaskiya ta kwana lafiya, ba ta mutu tare da shi ba, kuma tarihin Daura kansa ya taɓo ta ta fuska biyu. Ɗan Daura, Malam Mamman Daura, ya riƙe editan New Nigerian daga 1969, a zamanin da jaridar, ko da yake ta gwamnati ce, ta yi suna wajen sharhi mai nauyi da masu mulkin soja suke shakka. Ɗan Daura ne kuma, Janar Muhammadu Buhari, yake shugabancin ƙasa a 1984 lokacin da aka kafa Doka Ta 4, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 22, ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati don ta riƙa ba jama'a bayanin abin da take yi, a 2011 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani daga ofisoshin hukuma. Imam bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan garkuwa ba, duk da haka ya yi abin da ya yi.

Darasin da ɗalibin Hausa zai ɗauka daga rayuwarsa shi ne cewa mulkin dimokuraɗiyya ba ya kafuwa a harshen da jama'a ba sa ji. Ƙuri'ar wanda bai san abin da aka yi da harajinsa ba, bai kuma san inda zai kai kuka ba, ba ta da wani ƙarfi. En'e ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da na jiha har yanzu da Ingilishi ake rubuta su, mafi yawan waɗanda aka tsara su dominsu kuwa da Hausa suke tunani. Cike wannan giɓi shi ne aikin da Imam ya fara a 1939, yana kuma jiran masu ilmin harshen da za su ci gaba da shi a jarida da rediyo da intanet, da irin Hausarsa mai sauƙi da kuma ƙarfin halin da ya fi wanda zamaninsa ya ba shi dama. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.